Kujerar Mai Sassaƙa Zane A Ƙarfe: Yadda Zaka Zaɓi Wadda Ba Zata Karya Maka Baya Ba

Duk wanda yake aikin sassaƙa zane ko rubutu a jikin ƙarfe, ko zobe ne ko wuƙa ko farantin tagulla, yasan cewa abu na ƙarshe da mutum yake tunawa dashi a wajen aiki shine kujera. Zaka ga mutum ya kashe ƙarfinsa wajen neman cizal mai kyau, wato ɗan ƙarfen nan mai kaifi da ake yanka zanen dashi, ya nemi bais mai nauyi, wato maƙalar da take riƙe abin da ake sassaƙawa, ya haɗa maikuroskof mai ƙara girman abu a ido, amma abin da zai zauna a kai awa shida ko takwas kullum sai ya jawo duk wadda ya samu a kusa. Ni ma haka nayi shekaru, har sai da wuyana da kwankwasona suka fara hanani bacci, shi yasa nake so in faɗa maka abin da na gane tun kafin naka jikin ya fara ƙorafi.

Abu na farko da ya kamata ka cire daga ranka shine wai kujera mai daɗi ita ce mai laushi. Kujerar ofis an yi ta ne domin wanda zai jingina baya yana kallon allon kwamfuta a gabansa, kai kuwa aikinka a ƙasan hancinka yake, jikinka gaba yake karkata, hannu ɗaya yana riƙe da cizal ɗayan yana juya bais, ƙafa ɗaya kuma wataƙila tana kan feda, wato abin takawa da ake sarrafa bugu dashi, in kana amfani da injin iska mai buga cizal irin na kamfanin GRS ko na Lindsay. To kaga wannan zaman daban ne gaba ɗaya. Wannan babbar kujerar mai doguwar majingina da matashin ƙeya, wadda in ka zauna a shago kake jin kamar kada ka tashi, da ka fara sassaƙa bayanka ba zai ma taɓa majinginar ba, zaka koma bakin kujerar ka ɗosana, duk abin da aka ƙawata ta dashi ya zama bashi da amfani a wajenka.

Saboda haka kafin ka kalli kowace kujera, ɗauko tef ka auna wajen aikinka. Lambobi uku kake buƙata. Tsawon daga ƙasa zuwa saman bais ɗinka, wato daidai inda bakin cizal yake taɓa aiki, sannan tsawon daga ƙasa zuwa idon maikuroskof in kana amfani dashi, sannan sararin da ke ƙarƙashin benci inda cinyoyinka zasu shiga. Teburin rubutu na yau da kullum yana kai santimita 72 zuwa 75, bencin masu aikin zinariya kuwa yakan kai 90 har zuwa 100, kujerar ofis kuma galibi daga wajen santimita 42 take tashi ta tsaya kusa da 53. In ka ɗora bais mai ƙwallo, wato mai gindi kamar ƙwallo da yake juyawa, a kan tebur ka ƙara tsawonsa a kai, zaka ga cewa kujerar ofis ta yi maka ƙasa, dole ka ɗaga kafaɗu sama kafin hannunka ya kai, kuma wannan ɗaga kafaɗar ita ce take zama ciwon da yake tashi daga wuya ya gangaro tsakanin allunan baya da yamma.

Tsarin da ya fi dacewa daga ƙasa ake farawa a hau sama. Ka fara saita kujera yadda tafin ƙafafunka biyu zasu kwanta a ƙasa sosai, ƙugunka ya ɗan fi gwiwa tsawo. Bayan nan sai ka kawo bais ya zo wajen hannunka, yadda gwiwar hannu zata rataya kusa da haƙarƙari ba tare da kafaɗa ta tashi ba. A ƙarshe ka sauko ko ka ɗaga maikuroskof ya zo wajen idonka. Mutane da yawa akasin haka suke yi, su kafa maikuroskof a inda ya faɗa, sannan su miƙa wuya kamar zakara suna bin sa. Shi yasa masu sana'ar da yawa basa ɗora bais a kan benci kwata-kwata, suna yi masa tasa ƙafar daban wadda take hawa da sauka, wasu ma ƙafar tsohon injin huda ƙarfe suke amfani da ita tunda farantinta yana hawa yana sauka a jikin sanda. In bencinka kafaffe ne ba ya motsi, to babu laifi, sai kujerar ta bi benci, ka nemi mai dogon silinda, wato bututun da yake ɗaga kujera, irin ta masu zanen gini, amma fa ka sani da ka ɗaga kujera ƙafafunka zasu bar ƙasa, dole ka yi musu matakala mai faɗi, kuma fedar ma ta hau kan matakalar. Wannan zoben ƙarfen da ake sawa a jikin dogayen kujeru don ɗora ƙafa ba zai riƙe maka feda ba, kuma yana jan ƙafa baya ƙarƙashin kujera, ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba a aikin da ya wuce rabin awa.

Maganar ƙugu ya fi gwiwa tsawo ina so in ɗan daɗe a kanta don nan ne zuciyar maganar take. Ƙashin bayan mutum a can ƙasa wajen kwankwaso yana da ɗan lanƙwasa ta ciki, haka aka halicce shi. In ka zauna cinya da gangar jiki suka yi kusurwa mai digiri 90, ƙashin ƙugu yana mirginawa baya, wannan lanƙwasar ta baje, in kuma ka ƙara sunkuyawa gaba kan aiki sai bayan ya koma kamar baka. Wani likita a Amurka mai suna Keegan ya nuna wannan da hotunan ƙashi tun 1953, inda ya ga cewa bayan ya fi zama a yanayinsa in kusurwar tsakanin cinya da jiki ta buɗe zuwa wajen 135. Wani likita ɗan Suwidin, Alf Nachemson, shi kuma a shekarun 1960 ya auna matsin da ke cikin faifan da suke tsakanin ƙasusuwan baya a jikin mutane masu rai, ya samu cewa zama a sunkuye gaba yana matsa su fiye da tsayuwa. Daga baya wani likitan tiyata ɗan Danmak, Mandal, ya daɗe yana kira da a riƙa yin kujeru masu ɗan tsawo waɗanda mazauninsu yake gangarowa gaba domin masu aikin tebur. Mu masu sassaƙa kusan mu muka fi kowa buƙatar wannan, domin aikinmu gaba ɗaya a gaba yake. Saboda haka in kana duba kujera, nemi libar da take karkatar da mazauni gaba ta kuma kulle shi a wajen. Ba sai da yawa ba, digiri 5 zuwa 10 ya isa ka ji ƙugunka ya miƙe da kansa ba tare da ka tilasta ba. In ya yi yawa sai ka riƙa zamewa, ƙafafunka su gaji da tokare ka.

Daga nan ne kujerar sirdi ta shigo, wadda ake zama a kanta kamar an hau doki, cinyoyi a buɗe suna gangarawa ƙasa. Likitocin haƙori suna amfani da ita sosai saboda su ma aikinsu irin namu ne, ƙaramin abu a gaba da buƙatar hannu ya tsaya cak. Akwai Salli ta ƙasar Finlan wadda mazauninta a rabe yake gida biyu don rage matsi a tsakiya, akwai Bambach ta Ostareliya, akwai kuma Capisco da Peter Opsvik ɗan Norwe ya zana a 1984, ita wannan tana da majingina mai kama da giciye da zaka iya juyawa ka zauna ta baya ka jingina ƙirjinka a kai. Abin da yasa sirdi ya dace da mu shine ƙafar bais tana shiga tsakanin gwiwoyinka, ka matso jikin aiki sosai ba sai ka miƙa hannu ba. Amma zan faɗa maka gaskiya, ba kowa take yi wa ba. Makonnin farko mazaunai da cinya suna ciwo, dole ka fara da awa ɗaya ko biyu kana ƙarawa a hankali, kuma tana ɗaga ka sama sosai, in bencinka gajere ne ba zata yiwu ba sai ka ɗaga komai. Wasu kuma ko bayan wata guda jikinsu baya karɓarta, wannan ba laifi bane, sai su koma kujera mai faffaɗan mazauni mai karkata gaba. Kujerar durƙuso kuwa, wadda ake ɗora ƙwauri a kan matashi, ban ba mai feda shawara ba, domin ƙafar a ɗaure take, ba yadda zaka taka komai.

Yanzu maganar da ba kasafai masu sayar da kujera suke sani ba, wato tsayuwar kujera wuri ɗaya. A ƙarƙashin maikuroskof da ya ninka abu sau 10, motsin da bai kai kaurin gashi ba sai ka ganshi kamar an ture aikin. Na taɓa yin aiki a kan wata kujera mai tayoyi masu santsi a kan daɓe mai sulɓi, ina tura cizal da hannu a jikin farantin tagulla, ina cikin lanƙwasa layin wani ganye da na kwashe kusan awa biyu a kansa, da na ƙara ƙarfi kaɗan sai kujerar ta ja baya, ba da yawa ba, ƙila rabin santimita, bakin cizal ya fita daga ramin ya ja dogon karce har gefen farantin, ya tsaya dab da babban yatsana na hagu. Sai da na shafe wajen na sake. Tun daga ranar nake cewa kujera ma kayan aiki ce kamar bais. In kana tura cizal da ƙarfin hannu, cire tayoyin ka sa ƙafafun roba masu faɗi waɗanda ake cusawa a ramin da tayar take, yawancin kujeru raminsu ɗaya ne. In kuma kana buƙatar matsawa tsakanin benci da wajen wasa cizal, akwai tayoyin da suke kullewa da zarar nauyinka ya hau kansu su saki in ka tashi. Ka kula wajen saye domin akwai masu akasin haka, waɗanda suke kullewa in ba kowa a kai su saki in an zauna, waɗannan ba naka bane. Mai injin iska bai cika fuskantar wannan matsalar ba tunda injin ne yake bugun, amma shi ma taka feda tana iya juya kujerar da take da sakin jiki.

Ƙafafun kujerar su zama biyar, wannan ba abin tattaunawa bane, musamman in doguwa ce, mai huɗu tana iya kifewa in ka karkata gaba. Ka zauna ka girgiza jikinka hagu da dama, in ka ji mazaunin yana ɗan wasa a kan silinda, yana ƙwas-ƙwas, ajiye ta. Wannan ɗan wasan da mai aikin ofis ba zai ma lura dashi ba, kai a cikin layinka zai fito. Haka kuma kujerar da take lilo baya, tabbatar tana da makullin da yake tsayar da ita cak.

Sai silinda, wato bututun iskar da yake ɗaga kujera. Wanda ya fara lalacewa yana sauka a hankali ba tare da ka ji ba, ka saita da safe idonka daidai da maikuroskof, kafin azahar ka sauka santimita biyu, kana ta miƙa wuya baka san dalili ba. Ana rarraba su aji-aji, mai lamba 4 shi yafi ƙarfi cikin waɗanda aka saba gani, kuma abin daɗin shine ana canza shi, ba sai ka yar da kujerar ba. Dabarar da nake yi ita ce in na samu tsawon da ya yi mini sai in zagaya farin tef a jikin bututun daidai wajen, duk ranar da tef ɗin ya fara ɓuya na san ta sauka.

Hannun kujera kuwa, a yawancin lokuta cikas ne. A sassaƙa ba cizal ne yake zagaya lanƙwasa ba, hannun hagu ne yake juya bais yana kawo ƙarfen cikin bakin cizal, to gwiwar hannun nan tana buƙatar fili, in tana bugun hannun kujera duk juyi zaka ji layin yana tsinkewa. Sannan hannun kujera yana tokare bakin benci ya hana ka matsowa. Nemi wadda hannayenta suke cirewa da sukurori ko suke naɗewa sama. Ba wai hannunka baya buƙatar madogara bane, yana buƙata sosai, amma madogarar a jikin benci ya kamata ta kasance kusa da bais, ɗan katako mai soso da zaka ɗora damtsen ƙasa a kai, domin shi baya motsi in kujera ta motsa.

Mazaunin kansa ka duba zurfinsa. Zauna ka kai bayanka ƙarshe, sannan ka sa yatsu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka, yatsu biyu zuwa uku su shiga. In babu wannan sararin bakin kujerar zai riƙa danne jijiyoyin da suke bi ta nan, ƙafa ta mutu, kuma wanda ƙafarsa ta mutu ba zai iya sarrafa feda da kyau ba, ita kuwa feda da ɗan ƙaramin taki take ƙara ƙarfin bugu. Bakin mazaunin ya zama mai gangara a lanƙwashe, ba mai kaifi ba. Soson kuma ya zama mai tauri, danna shi da babban yatsa da ƙarfi, in ka ji katakon ƙasa to bayan wata uku a kan katakon zaka zauna. Mai laushi sosai kuma yana nutsar da kai, ƙugu ya karkace, ya kuma hana ka ɗan mutsu-mutsun da jiki yake yi don jini ya zagaya. Abin rufin ma akwai magana, domin aikinmu yana zubar da ɓarɓashin ƙarfe masu kaifi kamar ƙananan ƙugiyoyi, yadi mai gashi-gashi yana riƙe su su dawo su soke ka ta cikin wando, fata ko leda mai kauri kuwa da tsumma ɗaya ka share. Matsalarta kawai zufa da santsi in mazaunin ya karkata. Raga tana shan iska amma tana da ɗan tsalle, ni na fi sonta a majingina fiye da mazauni.

Majinginar ba sai doguwa ba. Ƙarama wadda take hawa da sauka ta kuma matso gaba ta samu kwankwasonka a inda kake zaune ta fi babbar da take can baya tana jiranka. Amfaninta na biyu shine lokacin hutu, in ka ɗago daga aiki ka jingina ka buɗe ƙirji.

Akwai abin da kujera ba zata iya gyara maka ba komai kyanta, wato wuya. Kan babban mutum yana kai kilo 5, kuma duk yadda ka ƙara sunkuyar dashi gaba haka nauyin da tsokar ƙeya take ja yake ninkuwa. In da gilashin ƙara girma na ɗaurawa a goshi kake aiki, shi yana tilasta maka kusantar aikin sosai, to gara ka ɗaga aikin sama ya zo kusa da ƙirji ka yi wa hannu madogara, da ka sauke kai ƙasa. In maikuroskof ne, ƙaramin gilashin nan mai lamba 0.5 da ake ɗaurawa a ƙasansa yana ƙara nisan da ke tsakaninsa da aiki kusan ninki biyu, sai hannu ya samu fili a ƙasa ido kuma ya samu tsawo a sama, dogon mutum musamman zai ji bambancin. Wasu ƙafafun maikuroskof ɗin suna zuwa da madogarar goshi, tana taimakawa ƙwarai wajen tsayar da kai wuri ɗaya.

In ka je gwada kujera kada ka jingina ka lumshe ido, yi zaman aikinka. Tafi da lambobin da ka auna, ka matso da ita gaban wani tebur, ka karkata gaba, ka haɗa hannuwa a gaban ƙirji kamar kana riƙe da cizal da bais, ka ɗaga yatsun ƙafar dama kana takawa kamar feda, ka daure minti 15 aƙalla ko da mai shagon yana kallonka. A cikin wannan lokacin zaka ji ko bakin mazaunin yana cin cinyarka, ko kana zamewa, ko kujerar tana juyawa da kanta. In ta intanet zaka saya, duba mafi ƙanƙanta da mafi tsawon hawanta a rubuce ka gwada da naka lambobin, ka kuma tabbatar ana karɓar ta in bata yi ba. Tsohuwar kujera ta kamfani mai inganci sau da yawa ta fi sabuwa marar ƙarfi, in dai ka duba silinda da soso da makullan.

Kuma ko ka samu wadda ta yi maka daidai, ka riƙa tashi. Aikin nan yana cinye hankali, kana bin layi ɗaya sai ka ga awa biyu sun wuce baka motsa ba. Ni na mayar da dutsen wasa cizal ɗina can ɗaya gefen ɗakin da gangan, tunda bakin cizal yana dakushewa akai-akai, duk lokacin da zan wasa dole in miƙe in taka in tsaya a kan ƙafafuna, kusan duk minti 30 zuwa 40 kenan. In tashin ya zo sai in juya kafaɗu baya, in kalli abu mai nisa don ido ya huta. Wasu masu aiki da guduma da cizal ma a tsaye suke yi suna zagaya bais ɗin, in bencinka zai ba da dama kana iya raba ranar, wani aikin a zaune wani a tsaye. Amma in ka fara jin ciwo yana sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, ko yatsun hannu suna mutuwa har bayan ka tashi daga aiki, ko cizal ya fara suɓuce maka saboda hannu ba ƙarfi, wannan ya wuce maganar canza kujera, je ka ga likita ya duba ka, ka tafi da hoton yadda kake zama a bencin ka nuna masa.